Sojan da Ya Gudu

Cikin 1861 yaƙin basasa ya tashi a Amurka tsakanin Arewa da Kudu a kan batun bauta, bai ƙare ba sai 1865. Bayan shekara 30, watau 1895, wani saurayi, Stephen Crane, ya fitar da littafi game da shi, The Red Badge of Courage. Abin mamaki, a 1871 aka haife shi, bai taɓa ganin fagen fama ba sa'ad da ya rubuta.

Labarin wani yaro ne, Henry Fleming, wanda ya shiga sojan Arewa don neman suna. Da wuta ta yi zafi sai ya yar da bindiga, ya ranta cikin na kare. Can kuma wani sojan ɓangarensu ya kwaɗa masa gindin bindiga a ka. Da ya koma sansani ya ce harbinsa aka yi, aka yi ta jiyyarsa. Kashegari ya yi faɗa ƙwarai, har ya riƙe tuta, amma shi ya san gaskiya a ransa.

'Yan'uwana malaman gobe, kadan muna koya wa yara labarin yaƙi, kada mu tsaya ga sunayen jarumawa kaɗai. Mu gaya musu soja ma mutum ne, yana jin tsoro.