Yadda bincike ya fitar da luwaɗi da maɗigo daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa

A ranar 17 ga Mayun 1990 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtukan taɓin hankali. Kafin a kai ga wannan mataki, an shafe kusan ƙarni guda ana ja-in-ja tsakanin likitoci da masana da mahukunta a Turai da Amurka.

Mafarin tafiyar

A shekarar 1897 wani likita Bajamushe, Magnus Hirschfeld, ya jagoranci kafa wani kwamiti a Berlin domin neman a soke sashe na 175 na dokar Jamus, wanda ya tanadi ɗauri ga mazan da aka kama da luwaɗi. Hujjarsa ita ce, da wannan ɗabi'a ake haihuwar mutum, don haka bai dace a hukunta shi ba. Ya buɗe cibiyar bincike a 1919, amma a 1933 'yan Nazi suka far mata, suka ƙone littattafanta. Sai a 1994 aka soke sashen baki ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, muhawarar ta fi zafi a Amurka. Rahotannin da Alfred Kinsey ya fitar a 1948 da 1953, bayan hira da dubban mutane, sun nuna cewa lamarin ya fi yawa fiye da yadda ake zato, ko da yake an soki yadda ya zaɓo mutanen. Duk da haka, a 1952 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta saka shi cikin kundinta na cututtuka. Wannan tambari ya zama hujjar korar mutane daga aiki, da yi musu magani da lantarki. A Birtaniya ma, a wannan shekarar aka samu masanin lissafi Alan Turing da laifin, ya karɓi allurar rage sha'awa domin kauce wa kurkuku.

Gwajin da ya sauya akala

Wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Los Angeles, Evelyn Hooker, ta lura cewa likitoci na yanke hukunci ne daga waɗanda suke gani a asibiti ko gidan yari kawai. Sai ta zaɓo maza 60 da ke harkokinsu a gari, 30 masu sha'awar maza, 30 masu sha'awar mata, ta yi musu gwaje-gwajen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta miƙa sakamakon ga ƙwararru ba tare da bayyana ko wane ne wane ba, suka kasa bambance rukunonin biyu. An wallafa binciken a 1957.

Irin waɗannan hujjoji, haɗe da matsin lambar masu fafutuka, suka sa ƙungiyar likitocin ta goge sunan daga kundinta a Disambar 1973. Da masu adawa suka nemi a kaɗa ƙuri'a, kashi 58 cikin ɗari suka goyi bayan matakin.

Inda kimiyya ta tsaya

A 2019 wani nazari kan kusan mutum rabin miliyan ya gano cewa babu wata ƙwayar halitta guda da ke haddasa ɗabi'ar; gado na taka rawa, amma ba shi kaɗai ba.

Tambayar da bincike ya amsa ita ce ko cuta ce, kuma manyan hukumomin lafiya sun ce ba cuta ba ce. Batun halal da haram kuwa yana hannun addinai, na doka kuma yana hannun majalisu da kotuna. Shi ya sa Birtaniya da Amurka suka halatta auren jinsi, yayin da ƙasashe fiye da 60, ciki har da Najeriya da Kamaru da Saudiyya, ke hukunta masu mu'amalar.