Shin Ko Kun San? Yadda Wata Huɗu Ke Ciyar da Goma Sha Biyu a Ƙauyukan Daura

Shin ko kun san cewa abin da ƙauyen ƙasar Daura zai ci a shekara, cikin wata huɗu yake samo shi? Ruwa kan zauna daga Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba, kuma in aka auna da wuya ya haura milimita 600 zuwa 700. Sauran wata takwas sai lallaɓawa. Shi ya sa gaisuwar damina ba ta cika sai an ce "Yaya ruwa?", a amsa da "Ruwa ya yi gyara." Wanda ya riƙe wannan lissafi na huɗu da takwas zai gane dalilin kusan duk abin da idonsa zai gani a Sandamu, ko Zango, ko Baure, ko Mai'aduwa. Waɗannan huɗun, in aka haɗa da Daura kanta, su ne ƙananan hukumomi 5 na masarautar, daga cikin 34 da Jihar Katsina ke da su.

Ko kun lura cewa labarin asalin Hausa Bakwai ma labarin ƙishirwa ne? Kowa ya haddace Bayajida da takobinsa, da macijin Kusugu, da auren Daurama. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mafarin zancen: baƙo ya sauka da dare, ya roƙi ruwa, tsohuwa Ayana ta ce babu, domin gari ba ya ɗiba sai ranar Juma'a. Rijiyar tana nan har gobe, an kewaye ta da gini, masu ziyara na kurɓar ruwanta. A wasu ƙauyukan da ke bayan ganuwa kuwa, ana nan ana fama da abin da Ayana ta faɗa wa baƙonta.

Ku je bakin rijiyar ƙauye da asubahin bazara ku gani. Itacen da aka gitta a bakinta duk igiya ta sassaƙe shi, kwari-kwari, har yatsa na shigewa. Inda rijiyar ta yi zurfi ba hannu ke ja ba: ana ɗaura igiyar wasaki a jikin sa ko raƙumi, yaro ya kora shi ya yi nisa, sai wasakin ya ɓullo yana ɗiga, a juye a komi. Shanu na turereniya, amalanke na jira da jarkoki, yarinya ta kafa bokitinta a layi tun kafin a sallame salla. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, in ji Hausawa, kuma a nan za ka ga ma'anar maganar da idonka. Tuƙa-tuƙa da burtsatse mai aiki da hasken rana sun rage wahalar a wurare da yawa. Matsalarsu ɗaya ce, ranar da suka lalace. Ina ganin duk mai niyyar haƙa wa ƙauye burtsatse, ya fara da tambayar wa zai gyara ta.

Kun san kuwa akwai ciwon da yaran yanzu ba su taɓa gani ba, alhali ya kwantar da kakanninsu a tsakiyar noma? Kurkunu ke nan, wanda ake sha a ruwan tafki da kududdufi. A ƙidayar 1988 an samu mutum fiye da 650,000 da shi a Najeriya. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarsa a ƙasar a 2013.

Shin ko kun san akan shuka gero tun ruwa bai sauka ba? Sunan abin binne. Manomi ya sa iri a busasshen rairayi ya rufe, ya bar wa Allah, don ruwan farko ya tarar da shi a ƙasa. In ruwan ya zo da ƙarfi ya ci ribar kwanaki. In yayyafi ne ya tsiro da irin sannan rana ta buɗe, sai a sake shuka. Gero ya zama sarkin gonakin nan ne saboda yana nuna cikin kimanin wata uku kuma jigawa ba ta ba shi tsoro. Ana raɓa masa wake da dawa a gona guda, don in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya karɓa. Babban abokin gabarsa a gajiyayyar gona shi ne ƙuduji, mai fure kyakkyawa da saiwar da ke tsotse hatsi ta ƙarƙashin ƙasa.

Ko kun san da dami ake ƙirga arzikin gida? Tambayar kaka ita ce dami nawa aka ɗaure. Cikin kowane goma na noman damina, ɗaya na zakka ne idan amfanin ya kai nisabi, kuma tun a gona ake ware shi. Sauran a zuba a rumbu da zangarniyarsa, domin hatsin da ba a sussuka ba ya fi jimirin ajiya. A kasuwa kuma tiya ce ma'auni, kimanin 40 ke cika buhu. Maigida mai tsari ba ya gaggawar buɗe babban rumbu. Yakan ciyar da gida da ɗan abin da sana'ar rani ta kawo, ya bar rumbun sai damina ta faɗi, lokacin da aiki ya fi yawa, hatsi ya fi tsada, kuma ba halin fita nema.

Wannan tsantseni gado ne daga shekarun da suka bar suna. Yunwar 1914 ita ake kira Kakalaba. Farin 1973 da na 1984 kuwa akwai dattawan da za su ba ku labarinsu yau, da yadda dabbobi suka ƙare.

Shin ko kun san akwai bishiyar da ke yin damina da rani, ta yi rani da damina? Gawo ke nan. Da ruwa ya sauka, sauran itatuwa na tofo, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara. Don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ku duba geron da ke gindin gawo ku kwatanta da na tsakiyar fili: ya fi duhun ganye, ya fi kauri. Da rani, sa'ad da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa su bar kashinsu a nan, 'ya'yansa masu lanƙwasa su zama abincin awaki da tumaki, har a buhu ake sayar da su. A Damagaram ana ba da labarin cewa a ƙarni na 19 Sarki Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Ƙetaren iyaka kaɗan, a Magarya da Matamaye da Mirya, manoma sun cika gonakinsu da gawo ba tare da sun dasa ba. Abin da suka yi shi ne, wajen sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu a bar shi ya tashi. A yankin Maraɗi, inda wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a 1983, ana ce mata sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da ke cikin shirin nan na Afirka na kafa katangar itatuwa don tare hamada, kuma shiri ne mai kyau. Sai dai dashen da aka kawo a mota yana neman ban ruwa da shinge, shi kuwa tohon kututture saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa. Ƙasar manoman Nijar ɗin da tamu iri ɗaya ce, harshe ɗaya, har auratayya akwai. Da ni ake shawara, da malaman gona sun riƙa kwasar manoman Baure da Zango suna kai su Magarya su gani da idonsu.

Bedi kuwa, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, da ya mamaye kowace ƙofar gida da bakin kasuwa, baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa shi a Borno.

Ko kun san asusun matar ƙauye ƙafa huɗu gare shi? Akuya ko tunkiya da ke ɗaure a turke ita ce kuɗin magani, ita ce kayan ɗakin ɗiya, ita ce hatsin watan Agusta idan rumbu ya yi ƙasa. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da adashi ake sayenta, da dusa da harawa ake kiwonta. Fatar jar akuyar nan ta ƙasar Hausa ita ce ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ranar Lahadi duk hanya ta nufi Mai'aduwa, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa: raƙuma, shanu, ragunan Uda da Balami, da yawansu daga Nijar, a loda su a manyan motoci zuwa Kudu. Gab da Babbar Salla ba masaka tsinke.

Shin ko kun san layin da ya raba waɗannan ƙauyuka da 'yan'uwansu bai fi shekara 120 da wani abu ba? Ingila da Faransa suka shata shi a takarda, sannan tsakanin 1906 da 1908 jami'ansu, O'Shee da Tilho, suka bi daji suna kafa alamomi 148. A ƙasa ba kogi, ba dutse. Akwai mai kwana a Najeriya gonarsa na Nijar, akwai wadda gidan iyayenta ke can ɗakin aurenta na nan, kuma naira da sefa duk suna ciniki. Manyan ƙofofin su ne Kwangwalam, a hanyar Matamaye da Damagaram, da Babban Mutum a hanyar Magarya. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka, tukunyar ƙauye yake taɓawa. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma a Nuwamban 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ku tuna, da fetur injin niƙa da injin ban ruwa da babur ɗin kai mai naƙuda asibiti suke aiki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Masu yanke irin wannan hukunci suna da dalilansu, amma ya kamata a riƙa sa mutumin Kwangwalam a lissafi.

Kun san Zango da Baure sun taɓa zama mazaunin sarauta? Da jihadi ya iso wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi Daura, sarkin lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyar gidan suka ci gaba da sarauta a Zango da Baure. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango ya hau gadon Daura. Tun 1911 kuma sarakuna uku kacal aka yi: Abdurrahman har 1966, Muhammadu Bashar har 2007, sai Mai Martaba Umar Faruk Umar. Daga fada umarni kan sauko wa hakimi, ya kai ga dagaci, ya ƙare a zauren mai unguwa, inda ake sasanta rikicin kan iyakar gona da ɓarnar shanu. A da ta wannan tsani ake karɓar haraji da jangali, har 1979 da Gwamna Balarabe Musa ya soke su a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta a lokacin.

Ko kun san maganin nan da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, a wannan yanki aka fara gwada shi a Najeriya? Rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne, ga 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata har damina ta wuce. An fara a Jihar Katsina a 2013, kuma Baure da Mai'aduwa na cikin ƙananan hukumomi huɗu da aka zaɓa. Watannin da ke kawo abinci su ne ke kawo sauro.

Ta fuskar amfanin gona na sayarwa kuwa, gyaɗa ta yi zamaninta a nan, har farin shekarun 1970 da cutar da ta auka mata a 1975 suka karya ta. Yau riɗi da wake ne ke kawo wa manomi kuɗi a hannu.

Shin ko kun san ƙauye kan rage maza da zarar an kai amfani gida? Waɗanda ke kusa da madatsun ruwan Sabke da Daberam kan koma noman rani, tumatir da albasa da tattasai. Sauran samari sai cirani: Kano, Abuja, Legas, Fatakwal, wani ga-ruwa, wani dako, wani acaɓa, wani gadi. Da can sai an samu mai zuwa gida a ba shi saƙo a ƙulle a leda, yanzu ta waya ake turowa a cira wurin mai POS ranar kasuwa. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Daura ya biyo, kuma fatana ya zama hanyar fitar da wake da riɗi da dabbobi, ba ta fitar da samari kaɗai ba. Su dai 'yan cirani kunnensu na gida. Da an bugo waya an ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, za ka gan su a tasha da buhun taki da sabon takalmin yara, ana rige-rigen motar Daura.