Mai Gadin Fayiloli a Wata Kwaleji

Abin da ya kai ni wannan kwalejin horar da malamai shi ne ƙorafin da ake yi duk ƙarshen zango: sakamakon jarrabawa ya maƙale, wai fayil ya ƙi gyaruwa. Bayan gaisuwa, aka haɗa ni da ma'aikacin da ke kula da saba, babbar kwamfutar da duk sassa ke ajiye fayilolinsu a cikinta.

Ya ce da can kwamfutar tebur mai Windows 10 ce ke wannan aiki, ita kuwa ba ta karɓar fiye da na'ura 20 a lokaci guda, sauran sai su yi ta jira. Shi ya sa ya koma tsarin Linux da Samba, manhajar raba fayiloli. Yanzu safe da yamma yakan buga umarnin smbstatus, ya ga waɗanda suka shiga da fayilolin da kowa ya riƙe, ya rubuta adadin a littafi. Da haka ya san yadda lissafin yake a ranar da komai ke lafiya, yana kuma ganewa da wuri idan ya fara hauhawa.

Da muka zo batun wutar lantarki sai muryarsa ta sauya.

"Malam, idan aka ɗauke wuta ana cikin shigar da maki, kwamfutar malami ta mutu, saba ba ta ganewa nan take. Fayil ɗin Excel yana nan a kulle da sunansa. Wanda ya zo bayansa sai dai ya karanta, ba damar gyara."

Na ce me zai hana ya rufe shi daga nan inda yake zaune?

"Ina iyawa. To idan mai shi yana kan aiki fa? Makin da bai adana ba na iya salwanta, ɗalibai su kwana a ciki. Gara in taka har ofishinsa in gani da idona."

Haka yake zagaya sassa cikin rana, shi kaɗai, ba mataimaki. Idan aiki na tafiya ba mai tunawa da shi, da an samu cikas kuwa sunansa ake fara kira.

Roƙonsa bai da yawa: a sama wa kwamfutocin ofisoshi batirin riƙe wuta, kowane malami kuma ya adana aikinsa, ya rufe fayil kafin ya tashi.