Iska ta dawo aiki a teku: yadda manyan jiragen ruwa ke neman rage shan mai

Nijar ba ta da teku, amma shinkafar waje da ake saukewa a babbar kasuwar Maraɗi, da baburan da ake kwancewa daga kwali a Damagaram, da magungunan da ke shagunan Yamai, akasarinsu sai da suka yi makonni a kan ruwa kafin su hau kamyo. Hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na kayan da ƙasashe ke saye da sayarwa tsakaninsu, in an auna da nauyi, ta teku suke bi. Jiragen da ke wannan dako kuma suna ƙona mai kusan tan miliyan 300 a kowace shekara.

Man da galibinsu ke sha ba irin gazuwal ɗin mota ba ne. Baƙin mai ne mai kauri, wato mazut, ragowar abin da matata ta tace, wanda sai an ɗumama shi kafin ya yarda ya bi bututu. Babban jirgin kwantena in yana gudu sosai yana iya cinye fiye da tan 150 a rana guda, kwatankwacin lodin manyan tankokin mota biyar. Shi ya sa kuɗin mai kan kai rabin abin da ake kashewa a tafiyar jirgi, shi ya sa kuma ɗan kasuwar da ya yi odar kaya daga Sin ko Dubai yake ganin wani layi a takardar dako mai suna BAF, wanda ke hawa da sauka tare da farashin mai.

Ban da tsada, akwai matsin doka. Jiragen ruwa ne ke fitar da kusan kashi 3 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Hukumar sufurin teku ta duniya, OMI, mai mazauni a Landan, ta rage yawan farar wutar da aka yarda ta kasance cikin man jirgi daga kashi 3,5 zuwa 0,5 tun ranar 1 ga Janairun 2020. Daga 2023 ana ba kowane babban jirgi maki daga A zuwa E gwargwadon hayaƙin da yake fitarwa, kuma a watan Yulin 2023 ƙasashen hukumar suka amince da burin kawar da hayaƙin baki ɗaya wajen shekara ta 2050. Tarayyar Turai ta ƙara nata: tun Janairun 2024 jirgin da ya tsaya a tashoshinta sai ya biya kuɗin hayaƙinsa.

Inji ya kusa kaiwa iyakarsa

Mutum zai yi zaton maganin shi ne a ƙera injin da ya fi na yanzu. To amma injin babban jirgi ya riga ya fi kusan kowane inji mai ƙona mai iya tattali. Wanda aka sa wa jirgin Emma Maersk a 2006 yana da silinda 14, nauyinsa ya haura tan 2000, yana juyawa sau ɗari da ɗan wani abu kacal a minti, kuma kimanin rabin ƙarfin da ke cikin man da ya sha yana komawa aiki. Injin motar haya bai kai nan ba. Abin da ya rage a tatsa daga cikin injin kaɗan ne, don haka injiniyoyi suka maida hankali kan abin da ke wajensa.

Dabara mafi araha ba ta buƙatar sabon ƙarfe ko ɗaya: rage gudu. Ruwa yana turjewa jirgi fiye da yadda iska ke turjewa mota, kuma turjiyar tana ƙaruwa da sauri fiye da gudun. In jirgi ya rage gudunsa da kashi 10, man da yake sha a rana yana raguwa da kusan kashi 27. Ko an cire ƙarin kwanakin da tafiyar za ta ɗauka, ribar tana kusan kashi 19. Kamfanoni sun rungumi wannan tun lokacin da mai ya yi tashin gwauron zabo a 2008. Wanda ke jiran kayansa a tasha shi ne ya biya da haƙuri.

Sai gyare-gyaren ƙarƙashin ruwa. Ana ɗaura wani zobe a gaban farfela don ya daidaita ruwan da ke shigo mata, ko a sa ƙananan fikafikai a cibiyarta su warware murɗawar da ke cin ƙarfi a banza. Kowanne na rage ƴan kashi kaɗan. Wasu jiragen kuma ana hura musu iska ta ƙasa, kumfa ta shimfiɗu tsakanin ƙarfe da ruwa, jirgin ya riƙa sulɓewa a kanta. Kamfanin Silverstream na Ingila, mai sayar da wannan na'ura, yana cewa tana rage kashi 5 zuwa 10. Ko kankare gansakuka da ƙananan halittun da ke manne wa jikin jirgi yana da nasa tasiri.

Gangar da ke juyawa

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne dawowar iska, wadda jiragen kasuwa suka yi watsi da ita tun da injin tururi ya kori jiragen ƙyalle. Sai dai ba da ƙyalle da igiya ta dawo ba.

Duk mai kallon ƙwallon ƙafa ya san bugun da ke lanƙwasa ya zagaye katangar ƴan wasa ya faɗa raga. Ƙwallon tana tafiya tana juyawa. A gefen da fatarta ke tafiya tare da iska, iskar tana ƙara sauri, matsinta ya ragu; a ɗaya gefen tana cin karo da iskar, matsin ya ƙaru. Bambancin nan shi ke ture ƙwallon gefe. Wani masanin Jamus, Heinrich Gustav Magnus, ya yi bayanin abin a tsakiyar ƙarni na 19, sai wani injiniya ɗan ƙasarsu, Anton Flettner, ya ce in haka ne, a kafa doguwar ganga a tsaye bisa jirgi, a sa ƙaramin inji ya riƙa juya ta, iskar da ta bugo daga gefe za ta tura jirgin gaba. A 1924 ya kafa irin waɗannan ganguna biyu a jirgin Buckau, kuma a 1926 jirgin ya ƙetare tekun Atlantika har birnin New York. Dabarar ta yi aiki. Abin da ya kashe ta shi ne arahar mai a wancan zamani.

Bayan shekaru kusan 90 kamfanin Norsepower na ƙasar Finlan ya farfaɗo da ita, da kayan ƙira marasa nauyi da kwamfutar da ke auna iska ta daidaita juyin da kanta, ba sai matuƙa sun sa hannu ba. A 2018 aka kafa ganguna biyu a jirgin dakon mai Maersk Pelican, kowace tsayinta mita 30, faɗinta mita 5, wato kamar bene mai hawa goma. Bayan shekara ɗaya ana awo, sakamakon ya nuna ragin mai na kashi 8,2 cikin ɗari. Adadin ba mai girgiza mutum ba ne, amma an same shi ne a teku, cikin aikin yau da kullum, ba a takardar talla ba.

Wata hanyar ita ce fikafikai masu tauri irin na jirgin sama, a tsaye. A watan Agustan 2023 jirgin Pyxis Ocean, wanda kamfanin hatsi na Cargill ya ɗauka haya, ya tashi daga Sin zuwa Burazil da fikafikai biyu masu tsayin mita 37,5, waɗanda ake iya kwantar da su in an shiga tasha ko guguwa ta taso. Bayan wata shida kamfanin ya ce jirgin yana rage tan 3 na mai a rana a matsakaici, ranar da iska ta yi daɗi kuma har tan 11. Faransa ma tana da Canopée mai fikafikai huɗu, wanda ke kai sassan rokar Ariane 6 daga Turai zuwa Guyana ta Faransa.

Inda gizo ke saƙa

Tazarar da ke tsakanin tan 3 da tan 11 ita ce ainihin labarin. Iska ba ta da alƙawari. In ta fito ta gaba, ganga da fiffike ba su da amfani. In ta kwanta, sun zama kaya. Tekun Arewa da arewacin Atlantika suna da iska mai ƙarfi kusan duk shekara, amma kusa da layin da ya raba duniya biyu akwai yankin da tun zamanin jiragen ƙyalle aka san shi da mutuwar iska, kuma mashigin tekun Gine, inda Kotonu da Lome suke, yana gefensa.

Na biyu, waɗannan na'urori suna son fili. Jirgin dakon mai ko na hatsi yana da shimfiɗaɗɗen baya da za a kafa su. Jirgin kwantena kuwa a cike yake da akwatuna hawa-hawa, ƙugiyoyin tasha kuma suna buƙatar hanya ta sama. Ke nan jirgin da ke kawo alkama, da wanda ke ɗaukar ɗanyen man Agadem daga tashar Seme ta Benin tun 2024, sun fi kusa da samun fiffike a kan wanda ke kawo atamfa da kayan gyaran babur.

Akwai kuma rigimar wa zai biya. Sau da yawa mai jirgi daban, mai haya daban. Mai jirgi ne zai zuba kuɗin kafa na'ura, mai haya ne ke sayen mai, shi ne kuma zai ci ribar ragin. Har zuwa ƙarshen 2024 manyan jiragen da ke amfani da iska ba su wuce gommai ba, cikin jiragen kasuwa sama da dubu 100.

Sabbin nau'o'in mai da ake yawan ambata, iskar gas da aka daskarar wadda jirgin CMA CGM Jacques Saadé ke sha tun 2020, ko metanol na jirgin Laura Maersk na 2023, batun hayaƙi suke magancewa, ba batun kuɗi ba. Metanol bai kai rabin ƙarfin mazut ba, wanda ake yi ta hanya mai tsabta kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wannan tsadar ce ma za ta iya zama abin da zai tura masu jirage ga iska, don duk tan ɗin da ba a ƙona ba zai ƙara daraja.

Ko ragin zai iso aljihun mai saye a Tawa ko Birnin Ƙonni? Lissafin ba shi da wuya. In mai rabin kuɗin tafiya ne, aka rage kashi 8 daga cikinsa, kuɗin tafiyar ya sauka da kashi 4, in har kamfani ya ga dama ya sauke farashi. Dakon teku kuma yanki ne kawai na abin da ɗan kasuwar Nijar ke biya. Daga Kotonu zuwa Yamai sama da kilomita 1000 ne a kan kwalta, kuma tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023 kaya da yawa suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso, wadda ta fi tsawo, inda kamyoyi ke jiran rakiyar soja kafin su wuce. Gazuwal ɗin kamyo, da kwanakin jira, da kuɗin duwan, sun isa su haɗiye ribar fiffike ba a ji ɗuriyarta ba.

Abin da zai fi saurin taɓa takardar dako shi ne harajin hayaƙi na duniya baki ɗaya da OMI ta tsara a watan Afrilun 2025. An shirya amincewa da shi a watan Oktoban 2025, sai Amurka da Saudiyya suka ja daga, aka ɗage ƙuri'ar da shekara guda.