Sankarar mafitsara: Abin da sinadaran jinsi ke nunawa

Sankarar mafitsara ta fi kama maza ninki uku zuwa huɗu, amma ta fi tsananta ga mata.

Masana na danganta hakan da wasu kafofi a ƙwayoyin mafitsara masu karɓar saƙon sinadaran jinsi, wato androjin da estrojin.

A 2007, masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka sun gano cewa ɓerayen da ba su da kafar karɓar androjin ba su kamu da cutar ba, ko da aka ba su sinadarin da ke haddasa ta.

A sankarar mama, gwajin kafofin estrojin kan nuna maganin da ya dace. A ta mafitsara kuwa, har yanzu zurfin da ciwon ya yi ne babban ma'aunin makomar majinyaci.