Sararin Sama Ma Yana Da Masu Shi

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi su ne ke aikawa da kuɗin kujerar Makka gida domin tsofaffinsu su sauke farali. To, wanda ya biya wa mahaifiyarsa ta unguwar Kachalla Sembe a Jalingo cikin shekara ta 1444, watau 2023, zai tuna yadda magana ta nemi cakuɗewa bayan an riga an yanke kuɗi kusan Naira miliyan uku. Ba a Jalingo matsalar ta taso ba, ba kuma a Abuja ba. Daga Hartum ta taso.

Bisa al'ada maniyyatan Taraba sai sun tafi Yola a mota sa'an nan su hau jirgi. Daga Yola zuwa Jidda kimanin kilomita 3,200 ne idan an miƙe sak, a ratsa Kamaru da Cadi da Sudan, a haye Bahar Maliya. Tafiyar awa huɗu ce da 'yan kai. Wannan kuwa tsohuwar hanya ce. Ita kakanninmu suka bi da ƙafa da jaki ta Darfur har Sawakin, waɗansu suka shekara goma ba su dawo ba, waɗansu suka zauna can dungum kamar mutanen Mai Wurno. Har jiragen saman farko da suka sauka Kano cikin 1925 ta Sudan suka biyo daga Masar.

Ran 15 ga Afrilu, 2023, faɗa ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan Janar Burhan da dakarun Hamidati. A ranar aka yi wa jirage ɓarna a filin jirgin birnin, har da na kamfanin Saudiyya, aka kuma rufe sararin saman ƙasar. Saura kwana arba'in a fara jigilar alhazan Nijeriya.

Mai karatu zai ce, jirgin da ke tafe can ƙololuwa, ina ruwansa da masu harbe-harbe a ƙasa? Ruwansa babba ne. Tun cikin 1944 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Shikago na Amurka, suka amince cewa kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da saman da ke bisanta, kamar yadda take da iko da gonakinta. Jirgi ba ya shiga sai da izini, kuma kuɗin wucewa ake biya. An rarraba sama yanki yanki, kowane da ma'aikatan da ke magana da matuƙi ta rediyo, su gaya masa tsayin da zai bi don kada ya yi karo da wani. Na Nijeriya baki ɗaya ma da sunan Kano aka san shi a taswirar matuƙa, ko da jirgi bisa Ikko yake. Idan waɗannan ma'aikata suka watse saboda yaƙi, matuƙi ya zama makaho ba ɗan jagora. Ga kuma tsoron makamai masu linzami. An harbo jirgin Maleshiya a Yukren cikin Yuli 2014, mutum 298 suka hallaka; an harbo na Yukren kusa da Tehran cikin Janairu 2020, mutum 176. Tun daga nan kamfanonin inshora ba su wasa da wannan magana, kuma jirgin da ba inshora ba ya tashi.

Saboda haka dole aka yi zagaye. Arewa da Sudan Libiya ce, wadda yawancin kamfanoni suka daɗe suna ƙaurace wa. Sai kudu: a gangara ta Afirka ta Tsakiya, a kewaya ta wajen Yuganda da Kenya, a hau ta Habasha, kana a faɗa Bahar Maliya. An ƙara kusan awa biyu a kowace tafiya, zuwa da dawowa. Awa biyu a sama ba ƙaramin mai ba ne, kuma duk man da aka ƙara nauyi ne da ke rage kayan da jirgi zai iya ɗauka. Kamfanonin gida huɗu suka ƙi sa hannu a takardar jigila da Hukumar Alhazai ta Ƙasa sai da aka sake lissafi, aka tsaya kan ƙarin Dala 250 a kowace kujera. Aka yi ta kai da kawowa kan wanda zai biya. Mutumin da bai san Burhan ba bai san Hamidati ba, rigimarsu ta iske shi har cikin guzurinsa.

Ba a gama da wannan ba sai ga ta Nijar. Bayan soja sun tumɓuke Shugaba Bazoum ran 26 ga Yuli, kuma ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar kai yaƙi, sai suka rufe samansu ran 6 ga Agusta. Jirgin Ikko zuwa Landan kuwa ta bisa Nijar da Aljeriya yake bi. Da Sudan da Libiya da Nijar suka haɗu, sai ya zama kamar an gitta katanga a tsakiyar Afirka, jirage suka koma zagayawa ta yamma. An buɗe ran 4 ga Satumba, amma kafin watan ya ƙare aka hana jiragen Faransa wucewa. Wannan kam ba tsoron harbi ba ne, siyasa ce zalla.

Mu ma dai mun taɓa riƙe wannan bulala. Cikin 1963 ƙasashen Afirka masu 'yanci suka hana jiragen gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ratsa samansu. Kusan shekara talatin jirginsu mai zuwa Turai sai ya fita teku, ya kewaye Afirka ta Yamma kaf, sau da yawa ya sauka tsibirin Sal na Kef Bade ya sha mai. Ba a sake masu hanya ba sai farkon shekarun 1990, bayan an saki Mandela.