Ganin Ƙwaƙwaf: Me Ya Kai Ka Inda Kowa Ya Kamata Ya Gudu?

Da zarar an ji ƙara a wani sashe na Maiduguri, ko an hango hayaƙi ya turnuƙe, kafin motar kashe gobara ta baro ofis wurin ya cika maƙil. Mai shago ya bar shagonsa a buɗe, mai Keke Napep ya juya da fasinjojinsa, yara sun yar da farantin talla, kowa ya nufi inda abin ya faru, waya a hannu. Garin da ya sha wuyar da muka sha tun daga 2009 bai kamata a ce har yau ana faɗa masa wannan magana ba, amma ga shi dole a sake.

In ka yi wa mutum faɗa, amsarsa ɗaya ce: "Haba malam, ai haka Allah ya halicci ɗan Adam. Ya za a yi ka ji abu ya faru da ɗan'uwanka ka zauna?"

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. An haifi mutum da wasu ɗabi'u da ba wanda ya koya masa, kamar yadda jariri ke kama mama ran da aka haife shi. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, wanda ke tada jiki da zarar an ji abin tsoro: zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sama, ƙafa ta motsa kafin tunani ya iso. Haka kuma muna da halin bin jama'a. In ka ga mutum goma sun ruga gabas, jikinka zai ce ka bi su. Iyakar bayanin ke nan, kuma ba wanda ya musa.

Inda na rabu da masu wannan hujja shi ne, wai don abu halitta ne sai a sakar masa linzami. Yunwa ma halitta ce, amma muna kame baki wata guda cur duk shekara. Fushi halitta ne, amma ba wanda alƙali ya taɓa sallama don ya ce zuciya ce ta ɗebe shi. To me ya sa sai a wajen kallo ne hankali zai ajiye aiki?

Mu tuna abin da wannan hali ya jawo mana. Ranar 1 ga Maris 2014 bam ya tashi a unguwar Ngomari. Jama'a suka taru, bayan 'yan mintoci na biyu ya tashi a tsakiyarsu, aka rasa fiye da mutum 50. Ranar 25 ga Nuwamba na shekarar, a kasuwar Monday Market, wata 'yar ƙunar baƙin wake ta tada nata, ta biyun ta jira sai da aka yi cincirindo a kan waɗanda suka ji rauni sannan ta tada nata. A Gwoza, ranar 29 ga Yuni 2024, bayan an kai hari wajen biki, sai aka bi masu jana'izar waɗanda suka rasu. Mugayen nan sun karanci halinmu sarai. Sun san za mu taru, kuma taron suke jira. Duk wanda ya ruga wurin, ya cika musu lissafi ne ba tare da ya sani ba.

Ba bam kaɗai ba. A Majiya ta jihar Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta faɗi, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta kama, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Wata uku kacal bayan haka aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, aka rasa fiye da 80. Talauci da tsadar fetur na da nasu kason, ban musa ba. Amma a irin wannan wuri ba duk wanda ya ƙone ne ya zo da bokiti ba, wani tsayawa kawai ya yi ya ga yadda ake kwasa. Fetur kuwa tururinsa ne ke kamawa. Ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya yi nisa ido bai gan shi ba, tartsatsi ɗaya daga injin babur ko gogar bokitin ƙarfe da kwalta ya isa.

Sai batun "taimako muka je yi". Mu ji tsoron Allah. Tsaya daga nesa ka ƙirga: cikin mutum ɗari da suka kewaye wanda mota ta buge, nawa ne suka sunkuya? Biyu ko uku. Sauran sun ɗaga wayoyi sama, wani har yana ture na gabansa don ya samu hoton fuska. Tun a 1968 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, John Darley da Bibb Latané, suka gwada suka ga cewa yawan masu kallo yana rage wa kowane ɗaya niyyar kai ɗauki, domin kowa na jiran wani ya fara. Ga toshe hanya: motar asibiti na ta jiniya, mutum na zubar da jini, masu kallo sun hana ta wucewa.

Ba ina kushe jinƙai ba ne. Da madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya shanye Gwange da Gamboru da kewayen fadar Shehu, samarin garin nan ne suka shiga da kwale-kwale da igiya suna fito da tsofaffi da yara. Wannan ma daga halitta ya fito, amma an haɗa shi da dabara da sanin ruwa. Bambancinsu da masu jeruwa bakin gada suna ɗaukar bidiyo, alhali an yi shelar cewa kadoji da macizai sun fito daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, a fili yake. Shi kuwa mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya tambayi kowane malami: addini ya hana mutum kai kansa ga halaka da ƙafarsa.

To me za a yi? In ka ji ƙara, juya mata baya ka yi nisa, cikin sauri amma ban da gudun fitar hankali, don turmutsitsi kansa yana kisa. Kana da ɗan'uwa a wajen? Kira shi a waya. In bai ɗauka ba, asibiti za ka nufa, ko na Ƙwararru ko na Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko na Umaru Shehu, domin can za a kai shi, kuma can ne zuwanka zai yi amfani: miƙa hannu a ɗebi jininka. Kira 112, ko ka sanar da jami'an tsaro ko 'yan Kato da Gora mafi kusa. Masu Keke da direbobi, ku gangara gefe ku bar titi. In tanka ce ta faɗi, kashe inji, kada a kunna ashana ko taba, a kori yara zuwa inda ba a jin warin mai ko kaɗan.

In kuwa abin ya rutsa da kai a wurin kuma kana da lafiya, ka danne raunin mai zubar da jini da ƙyalle mai tsabta, kada ka ɗaga kana leƙawa. Kada ka ce "jama'a a taimaka", ba wanda zai motsa. Nuna mutum ɗaya ka ce, "Kai mai farar hula, samo mana mota." Wanda ake zargin ya karye a wuya ko baya, kada a finciko shi. Mai son aikin ceto da gaske ya je ƙungiyar Red Cross ya koyi taimakon gaggawa tun ana zaune lafiya.

Hoton gawa kuma, don Allah a daina. Akwai uwar da za ta fara sanin mutuwar ɗanta a WhatsApp saboda kai. Saƙon murya da ba ka san tushensa ba, bar shi ya mutu a wayarka.

Iyaye da malaman tsangaya, nauyin ya fi yawa a wuyanku, domin yara ne kan gaba a kowane taron kallo. Ku zaunar da su yau ku gaya musu: in an ji ƙara, gida ake nufa.